Akuyar Mai Shayi da Fatar Sayaki

Babana fatu yake sayarwa a kasuwar Omdurman, can lungun masu magani, bayan rumfunan masu takalma. Nasa ba na shanu da tumaki ba ne, waɗannan na majema ne. Nasa na dawa ne: fatar mesa da ta damo da ta kada, ƙayar beguwa, gashin jimina, kitse iri-iri a 'yan kwalabe, da bulalar fatar dorina da samari suke saya lokacin biki. A Jazira aka haife shi, cikin gonakin auduga, inda mahaifinsa ya yada zango a hanyarsa ta zuwa Makka, zangon kuma bai sake tashi ba. Baba ya tsinci auduga har ya gaji, sannan ya shigo birni ya kama wannan sana'a a hannun wani ɗan uwansa.

Ni ce babba a gidanmu, don haka in an yi hutun makaranta ni nake bin sa rumfa. Daga unguwarmu, Mayo, muke tashi, mu sauka Suk al-Arabi, mu canja mota mu haye gada. A hanya yakan yi mini tambayoyi kan sunayen dabbobi don kada in yi barci.

"Damo?"

"Waral."

"Mesa?"

"Asala."

"Dorina?"

"Girinti."

"Wannan na Larabawa ne. In mutumin Kudu ne ya zo fa, kamar Badinke?"

Wannan shi yake amsawa da kansa. Ya ce, "Rou. Kada kuma nyang. Ki riƙe. Mutum in ya kira abu da sunan garinsu kika miƙo masa ba tare da kin ce 'me ka ce' ba, ba zai je rumfar gaba ba."

Haka yake. Yana jin sunan dabba da Larabci, da Fulatanci, da Barbarci, da abin da ya tsinta a bakin mutanen Kudu da na duwatsun Nuba. Bai iya gaisuwa da yawancin harsunan nan ba, amma ya san yadda suke kiran kada. Larabcinsa cikakke ne, sai dai harshen bakinsa na Hausa ne, haruffan maƙogwaro ba sa fita masa. Duk wanda ya ji shi ya ce marfa'in, wato kura da Larabcin Sudan, ya san daga inda iyayensa suka fito.

A Mayo katanga ɗaya ce ta raba mu da wata mata mai sayar da shayi. Daga wani ƙauye na bakin Farin Nilu ta zo, mijinta ya rasu, tana da ɗa saurayi wanda ba ya aikin komai sai zaman bakin titi. Kullum da safe takan ɗauki kayanta ta tafi Suk al-Arabi, ta kafa murhu a jikin wata katanga kusa da tasha. Tana da akuya ja, mai nono sosai, da madararta take yin shayin safe.

Tun ranar da muka tare ba ta so mu ba. Ba ta taɓa kiran Inna da komai ba sai "ya Fallatiya." Inna ta gaya mata ba sau ɗaya ba cewa mu Hausawa ne, ta ce ita duk ɗaya ne a wurinta, duk wanda ya fito daga yamma Fallata ne. In Baba ya shanya fata a kan rufin ɗaki, ta leƙo ta katanga ta ce wari ya hana ta cin abinci. In akuyarta ta shigo ta ci gyaɗar da Inna ta baza a tabarma, ta ce ai dabba ce, wa ya ce a bar ƙofa a buɗe. Inna gyaɗa take soyawa, tana kuma dama godo-godo, furar nan da ake sha da nono, matan unguwa suna aiko yara su saya. Ita ma mai shayin tana aikowa, amma ba ta taɓa cewa ya yi daɗi ba.

Shekarun fari ne. Mutane suna ta kwararowa daga yamma da Kudu suna kafa bukkokin buhu da kwali a bayan unguwa, bayan bukkokin kuma fili ne fetal, sai juji da karnukan da ba su da mai su. Gidanmu da nata su ne na ƙarshe a layin.

Wata safiya ina shara sai na ji ihu daga bayan katanga. Muka fita ni da Inna. Akuyar ce kwance a ƙasa bayan gidan, an farke cikinta, an cinye cinya ɗaya, igiyar wuyanta a tsinke. Mai shayi tana zaune dirshan a ƙasa tana ɗiban turɓaya tana zubawa a kai. Wallahi a lokacin na ji tausayinta. Inna ma ta matsa ta dafa kafaɗarta tana cewa Allah ya mayar da alheri. Ta ture hannun Inna kamar an ɗora mata garwashi.

Mutane suka taru. Akwai sawu a ƙasa, manya, sun bi jikin katangarmu suka ɓace inda ƙasa ta yi tauri. Wani ya ce kare ne. Wani ya ce ba'ashom, abin da muke kira dila. Mai shayi ta ɗago kai ta ce, "Marfa'in ne." Ta dubi sawun, ta bi su da ido har ƙofarmu, ta sake cewa, "Marfa'in ne." Ba ta ƙara komai ba. Baba ya riga ya tafi kasuwa tun bayan sallar asuba, kamar kullum.

Kafin azahar magana ta canja kama. Akwai wani tsohon zance da mutanen ƙasar suke yi a kan 'yan yamma, wai a cikinmu akwai masu rikiɗa su zama kura. Na sha jin sa a makaranta a matsayin tsokana, ban taɓa zaton babba mai hankali zai ɗauke shi ya aza wa maƙwabcinsa ba. Mai shayi ba ta je tasha ran nan ba. Ta zauna a ƙofar gida, duk wadda ta zo jaje sai ta jera mata tambayoyi. Wane ne yake fita kafin gari ya waye? Gidan wa ake shanya fatun da ba a san na mene ne ba? Me ya sa sawun bai bi ta fili ba sai ta jikin katangar Fallata? Ba ta ce Baba ne ba. Tambaya kawai take yi, mata suna amsa wa kansu.

Da Baba ya dawo Inna ta gaya masa. Dariya ya yi. Ya je ya duba wurin, amma ƙafafun mutane sun riga sun tattake sawun. Ya dawo ya ce, "Ku bar ta, zafin rashi ne. Gobe za ta huce."

Ba ta huce ba. Yaran da suke zuwa sayen godo-godo suka ɗauke ƙafa. Inna ta dama, ta zauna da ƙwarya a gaba har ya yi tsami, muka shanye da kanmu. Mai amalanken jakin da yake kawo mana ruwa ya fara wuce ƙofarmu kamar bai ji kira ba, sai da na riƙa bin sa har kwana da bokiti. Yara kuma in sun gan ni ko ƙannena sai su durƙusa su yi tafiya da ƙafa huɗu suna gurnani. Ɗan mai shayi ne yake koya musu, yana zaune a kan dutse yana dariya. Wata rana ƙanwata ta dawo da goshi a fashe, an jefe ta. Ran nan Inna ta fita ba ko mayafi ta tsaya a ƙofar matar.

"Fito ki faɗa a gabana," in ji Inna da Larabci. "Fito ki ce mijina ne ya ci akuyarki."

"Ni na ce? Wa ya ji na ce?" Ta fito tana gyara lulluɓi. "Wanda ya tsargu shi ya san abin da ya yi."

"Lokacin da gwiwarki ta kumbura, wa ya ba ki kitsen damo kika shafa? A lokacin ba marfa'in ba ne?"

"Shi ya sa na sani! Wane mutumin kirki ne yake ajiye irin wannan a ɗakin kwanansa?"

Da ƙyar aka raba su. Inna ta dawo ta zauna, ta kasa ko kuka.

Shehun unguwa, wani dattijo mai kanti, ya ce a zauna a yi magana ranar Juma'a bayan la'asar. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙofar kantinsa. Maza suka zauna, mata muka tsaya daga gefe, samari suka kewaye wurin. Na tsaya inda nake ganin fuskar Baba. Ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, yana zaune a miƙe.

Shehu ya ce a fara da abin da aka sani: wace dabba ce ta yi ɓarnar? Mai shayi ta ce marfa'in. Aka juya wurin Baba, tunda shi ne sana'arsa dabbobi. Ya fara bayani a natse, ya ce bai ga sawun da kyau ba, amma abin da aka gaya masa bai yi kama da aikin marfa'in ba, don ita ba ta barin ƙashi, kuma takan ja abin da ta kama ta tafi da shi. Yana cikin magana samari suka fara kwaikwayon yadda yake furta kalmar. Duk lokacin da ya ce ta sai a amsa masa daga baya. Ransa ya ɓaci, harshensa ya sarƙe, sai kawai ya ce, "Ita kura..."

Wurin ya fashe da dariya. Kura da Larabcinsu ƙwallo ce. Ɗan mai shayi ya ce, "Kun ji, ƙwallo ce ta ci akuyar! A kira alƙalin wasa!" Har shehun sai da ya rufe baki da hannu.

A cikin zaman akwai wani tsohon Babarbare da muke kira Alhaji. Abokin Baba ne, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, kuma sau da yawa a gidanmu yake shan shayin yamma. Shehu ya ce, "Alhaji, ku ma 'yan can ne. Me kuka sani?"

Ya gyara zama ya ce su a wurinsu bultu ake ce mata. Aka sake dariya, don bulti da Larabci karfasa ce, wani ya ce yanzu kuma kifi ne ya fito daga Nilu ya ci akuya. Na ɗauka zai tsaya nan. Sai ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, "Zancen rikiɗa kuwa, mun ji shi a wurin iyayenmu. Ana faɗa. Amma mu a cikin Barebarin unguwar nan babu mai taɓa irin waɗannan kaya. Kowa ya san sana'ar kowa." Ya faɗi haka idonsa a kan tabarma.

Na ga Baba ya juya ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Alhaji bai ɗago ba. Na gane abin da ya yi tun a lokacin, ko da yake yarinya ce ni: ya ga wuta ta taso wa 'yan yamma gaba ɗaya, ya zare nasa mutanen ya bar mu a ciki. Har yau in na tuna zaman nan, maganarsa ta fi dariyar samarin ci mini rai.

Mutum ɗaya ne ya yi magana ba a tambaye shi ba, wani dogon Badinke mai aikin bulo da yake zaune a bukkokin baya. Yana tsaye a wajen rumfa ya ce da Larabcinsa na Kudu shi ya ga sawun da safe kafin a tattake. Ya ce ya yi kiwon shanu tun yana yaro, a ganinsa ba angui ba ne, jong ne.

"Mene ne angui, mene ne jong?" in ji shehu.

Baba ne ya amsa, murya ƙasa-ƙasa. "Angui marfa'in. Jong kare."

Mai shayi ta tafa hannu. "Kun gani? Har yaren junansu suke ji!" Wani daga cikin samarin ya ce wa Badinken wa ya sa da shi, ya koma bukkarsa. Mutumin ya tsaya jim, ya tofar da yawu a gefe, ya tafi abinsa.

Daga nan shehu ya ce hanya mafi sauƙi ita ce Baba ya shiga masallaci ya rantse cewa ba shi da hannu, kowa ya huta.

"In rantse cewa me?" in ji Baba.

"Cewa ba kai ba ne."

"Cewa ni ba dabba ba ne? Shekara nawa ina sallah a bayanka? Yau ni zan tsaya a ɗakin Allah in ce jama'a ku shaida ni mutum ne?" Ya girgiza kai. "Ba zan yi ba. In akuya ake so in saya mata, don maƙwabtaka, sai a faɗa. Amma wannan rantsuwa ba zan yi ta ba."

"Ba na son akuyarsa," in ji mai shayi. "A duba ɗakinsa."

Ban san ko shehu ya yarda ba, don kafin ya buɗe baki samari sun riga sun nufi gidanmu, ɗanta a gaba. Na ruga na riga su isa, na tsaya a ƙofa na ware hannuwa. Ɗaya ya ɗauke ni kamar buhu ya ajiye a gefe. Suka shiga har ɗakin iyayena, inda ko kawunnaina ba sa shiga, suka jawo buhunan kayan da Baba yake ajiyewa a ƙarƙashin gado, suka zazzage su a tsakiyar titi.

Kowa ya matso. Mai shayi ta karɓi sanda a hannun wani yaro tana tona kayan, ba ta yarda ta taɓa da hannu ba. Ta ɗago wata doguwar fata.

"Wannan fa?"

Baba ya iso yana tsaye, hannuwansa a baya. "Asala," ya ce. "Mesa."

"Wannan?"

"Timsah. Kada."

"Wannan?"

"Abu shok. Beguwa."

Haka ta riƙa ɗagowa yana faɗa, na Larabci sannan na Hausa. Ba wanda ya nemi na Hausar, shi ya ga dama yake ƙarawa, da ƙarfi kuma, yana duban samarin da suka yi masa dariya. Sai sandarta ta kamo wani ƙyallen fata kamar tafin hannu biyu, toka-toka mai baƙaƙen zane, da dogon gashi a gefe ɗaya. Na san ta. Wani mafarauci daga yamma ne ya kawo wa Baba, masu ciwon baya suke nema.

"Wannan kuma ta mece ce?"

Baba ya ce, "Sayaki."

"Da Larabci muke tambaya."

A nan ya tsaya. A Hausa kura daban, sayaki daban. Kura ce mai dabbare-dabbare, mai ƙarfi, mai ɗaukar dabba. Sayaki mai zane ne, matsoraci, mushe ya fi ci. Amma duk Larabawan da suka taɓa zuwa rumfar Baba suna ɗaya suke kiran su da shi, bai san wani ba. Ya fara cewa, "Iri biyu ne, akwai mai zane, akwai..."

"Sunanta!" in ji ɗan mai shayi.

Da Baba ya ce fatar dila ce, ko ta wani karen dawa, babu mai ƙaryata shi a wurin. Ni kaina a zuciyata ina roƙonsa ya faɗi haka. Ya dubi fatar ya ce, "A bakinku marfa'in ce."

Mai shayi ta saki guɗa. Guɗa, kamar an kawo amarya. Mata suka ja da baya suna neman tsari, samari suka yi ta ihu. Wani ya kawo kananzir daga kantin shehu, ban ga wanda ya biya ba, aka tara kayan duka aka cinna wuta. Inna ta yi kukan kura za ta shiga, mata biyu Hausawa suka riƙe ta. Baba bai motsa ba. Warin gashi da kitse ya cika layin, kwalabe suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana tsaye har wutar ta ci ta mutu. Farar jallabiyarsa duk ta yi baƙi. Da aka watse ya tsuguna ya tona tokar da tsinke, bai sami komai ba sai 'yan ƙayoyin beguwa da suka lanƙwashe. Ya bar su a wurin ya shiga gida.

Shehu ya aiko daga baya wai an yi kuskure, yara ne suka yi gaggawa, amma don zaman lafiya kada a sake kawo irin kayan nan unguwa. Baba ya ce wa ɗan aiken ya ji.

Tun daga ranar ya daina sallah a masallacin layinmu, yakan taka har wani mai nisa. Yawancin kwanaki ma a Omdurman yake kwana wurin ɗan uwansa, yana neman mana gida. Yana can aka sake kashe tunkiya a wani layi, bayanta kuma ɗan jaki. Wannan karon mutane suka yi gayya da sanduna suka shiga fili, suka tarar da garken karnuka a wani rami bayan juji, suka kashe na kashewa. Aka jawo babban cikinsu a ƙasa har bakin kanti, wani baƙin kare mai kai kamar na maraƙi. Na je na gani. Mai shayi ma ta zo, ta dube shi ta taɓe baki.

Inna ta ce mata, "To, ga marfa'in ɗinki."

"Wannan kalib ne," ta ce, wato kare. "Shi ya ci tunkiya. Tawa akuyar marfa'in ne ya ci ta." Ta juya ta tafi.

Ba wanda ya zo ya ba mu haƙuri. Yara suka dawo sayen godo-godo kamar ba a yi komai ba, mai ruwa ya dawo yana tsayawa a ƙofarmu har yana yi wa Inna wasa. Wannan ya fi ba ni haushi. Na so a ce sun ci gaba da gudunmu, da na san aƙalla sun yarda da abin da suka faɗa.

Baba ya samu gida a gefen Omdurman, ɗaki biyu da rumfa. Ranar tashi, muna loda kaya a akori-kura, sai ga Alhaji Babarbare da sandarsa. Ya yi sallama, Baba ya amsa masa a taƙaice yana ci gaba da ɗaure gado. Alhaji ya matso wurin Inna ya ce, "Uwar gida, a yafi juna."

Inna ta ce, "Alhaji, shayin da ka sha a gidan nan na yafe. Sauran ka nema a wurin Allah." Ta hau mota. Ya daɗe tsaye a wurin, ina hango shi har muka sha kwana.

Baba bai sake tara kayan dawa kamar da ba. Ya sayar da ragowar na rumfa, ya koma turare da tasbaha. Ya rayu shekaru bayan haka, bai taɓa tayar da zancen ba, in wani ya tayar sai ya tashi ya ba da wuri.

Na yi aure, na haihu, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, sai wata rana Inna ta zo gidana da lulluɓinta na fita. Ta ce an aiko daga Mayo mai shayi ta rasu, in shirya mu je gaisuwa.

Na ce, "Inna, wace mai shayi?"

"Kin san wadda nake nufi."

"Ita ce za ki hau mota biyu ki je wa gaisuwa?"

"Maƙwabciyata ce. Katanga ɗaya muka yi shekaru."

"Ta yi guɗa, Inna. Ina tsaye ta yi guɗa."

"Na fi ki ji, ni aka riƙe." Ta gyara lulluɓinta. "Ba don ita zan je ba. Mutuwa ce, ana zuwa."

Na ce ba inda za ni. Ta ce zuciyata ta yi tauri, kuma ba haka ta raine ni ba. Na ce Alhaji fa, ai shi ko gaisuwarsa ba ta je ba da ya mutu. Ta ce wannan daban, shi namu ne ya sayar da mu, ita kuwa tun farko ba ta ce tana son mu ba. Muka yi ta yi har maigidana ya shigo ya ce mu rage murya, yara suna ji.

Ta tafi ita kaɗai. Da yamma ta biyo ta gidana, ƙafafunta duk ƙura, ta zauna a bakin gado ta nemi ruwa. Ta ce ɗan matar ya tsufa, ya yi furfura, shi ne yake karɓar gaisuwa, kuma da ya gan ta ya sunkuyar da kai ya kira ta khala, yadda ake kiran 'yar'uwar uwa. Ta ce unguwar ta cika har filin baya ya zama gidaje. Na kawo mata ruwan na koma kan wankina. Ta jira in tambaye ta wani abu, ban tambaya ba, ita ma ba ta ƙara ba. Mun fi wata muna gaisawa sama-sama kafin maganar ta wuce.